Ciwon muƙamuƙi bayan aikin haƙori: Ina alhakin likita ya tsaya?

Mutane da dama kan baro wurin likitan haƙori da tsammanin wahala ta ƙare, sai bayan kwana ɗaya ko biyu su tarar baki ya ƙi buɗuwa, ko tauna ta gagara, ko kuma leɓe ya sage.

Akasarin waɗannan matsaloli kan wuce cikin 'yan kwanaki. Amma akwai kaɗan daga cikinsu da kan bar mutum da nakasa, wasu ma kan kai ga rasa rai idan aka yi jinkiri.

Ga mazauna karkara, kamar mutanen Masanawa a ƙaramar hukumar Kabo da maƙwabtansu na Gwarzo a yammacin jihar Kano, lamarin ya fi tsanani. Ƙwararrun likitocin da ke tiyatar fuska da muƙamuƙi suna manyan asibitocin koyarwa ne, irin su Asibitin Malam Aminu Kano, ga shi kuwa tsakanin Gwarzo da birnin Kano akwai tafiyar kimanin kilomita 70.

Shi ya sa wanda abin ya shafa kan tsaya yana tambayar kansa abu biyu: shin ciwon na jira ne ko na gaggawa, kuma shin tsautsayi ne ko sakacin wanda ya yi aikin?

Ilmin likitanci da dokar Najeriya da fiƙihun Musulunci duk sun haɗu a kan amsa guda. Ba kowace cutarwa ce ke zama laifin likita ba, amma akwai nauyin da ba ya sauka daga kansa, tun kafin ya taɓa haƙorin har zuwa lokacin da maras lafiya zai warke.

Yadda muƙamuƙi yake aiki

Muƙamuƙin ƙasa shi ne kaɗai babban ƙashin da ke motsi a fuskar mutum. Yana haɗe da ƙoƙon kai ta gaɓoɓi biyu, ɗaya a gaban kowane kunne.

Duk wanda ya ɗora yatsa a gaban kunnensa ya buɗe baki, zai ji kan ƙashin yana juyawa sannan yana zamewa gaba. A tsakanin ƙasusuwan biyu akwai ɗan faifai mai taushi da ke hana su gogar juna, kuma tsokoki huɗu ne a kowane gefe ke ɗauke da aikin tauna.

Baligi mai lafiya kan buɗe baki kimanin milimita 35 zuwa 50, wato gwargwadon yadda yatsunsa uku za su shiga a tsaye tsakanin haƙoran sama da na ƙasa.

A cikin ƙashin kuma akwai wata jijiya da ke bi ta ƙarƙashin saiwoyin haƙoran ƙasa, ita ce ke sa mutum ya ji taɓi a leɓen ƙasa da haɓa. Wata jijiyar tana bi ta kusa da haƙorin ƙarshe daga ɓangaren ciki, tana kai wa harshe ji da ɗanɗano.

Duk aikin da za a yi a haƙoran can ƙurya, a tsakiyar waɗannan abubuwa ake yin sa.

Matsalolin da aka fi gani

Wadda ta fi yawa ita ce ƙagewar baki. Allurar kashe zafi da ake yi kafin cire haƙorin ƙasa tana ratsa kusa da wata tsokar tauna, kuma idan ta ɗan ji wa tsokar rauni sai baki ya riƙe. Daɗewa da baki a wangale ma kan jawo haka.

Irin wannan kan sake a hankali cikin mako ɗaya ko biyu, idan ana gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ana shan maganin rage zafi, ana cin abinci mai laushi kamar kunu da fate, tare da motsa bakin kaɗan-kaɗan.

Ta biyu ita ce ciwon ramin da aka cire haƙori. Bayan cirewa jini kan daskare a ramin ya zama masa murfi. Idan gudan jinin ya fita ko ya narke, ƙashi kan zauna a fili, sai azababben ciwo ya taso a rana ta biyu zuwa ta huɗu, yana harbawa har kunne, bakin kuma yana wari.

Wannan kan faru ga mutum kaɗan a cikin kowane 100 da aka cire wa haƙori, amma ya fi yawa a haƙoran ƙarshe na ƙasa da kuma masu shan taba. Likita kan wanke ramin ya sa magani, ciwon ya lafa.

Ta uku ita ce gocewar gaɓa. Kan ƙashin kan zarce gaba ya kasa komowa, sai baki ya tsaya a buɗe, yawu na zuba, magana ta gagara. Hamma mai ƙarfi ma kan jawo hakan ga wasu.

An daɗe da sanin maganinta, domin wata takardar likitancin Misira ta kimanin shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa ta bayyana yadda ake mayar da gaɓar da hannu. Idan aka zo da wuri, aikin 'yan mintoci ne. Idan kuwa aka bari ta yi makonni a goce, sau da yawa sai an sa mutum barci, wani lokaci ma sai an yi tiyata.

Ta huɗu ita ce raunin jijiya. Allurar kashe zafi kan sake cikin 'yan sa'o'i, saboda haka idan gari ya waye leɓe ko haɓa ko gefen harshe na nan a sage, to alama ce ta an taɓa jijiya.

Akasari jin kan dawo cikin makonni ko watanni, kuma waɗanda abin ke zame musu na dindindin kaɗan ne ƙwarai. Sai dai idan aka doshi wata uku babu sauyi, lallai ne ƙwararre ya duba, domin gyaran jijiya ya fi samun nasara a watannin farko.

Ta biyar ita ce karaya. Ba ta cika faruwa ba, amma takan auku idan aka sa ƙarfi fiye da kima, ko haƙorin ya nutse can cikin ƙashi, ko kuma wata cuta ta riga ta cinye ƙashin.

Wani lokaci ba a kan kujerar likita take faruwa ba. Sai bayan mako biyu ko uku, mutum ya ciji abu mai tauri ya ji ƙas, daga nan haƙoransa su daina haɗuwa daidai. Ana gyara ta ne ta hanyar ɗaure muƙamuƙi da waya na tsawon mako huɗu zuwa shida, ko a sa 'yan ƙarafa a riƙe ƙashin.

A muƙamuƙin sama kuma, saiwoyin turame suna daf da wani kogo da ke gefen hanci. Cire su kan iya buɗe ƙofa tsakanin baki da kogon, har mutum ya sha ruwa ya ga yana fita ta hanci. Ƙaramar ƙofa kan rufe da kanta idan aka guji fyace majina, babba kuwa sai an ɗinke.

Akwai kuma cikon haƙori ko haƙorin da aka sa wa hula, irin wanda ake kira haƙorin Makka, idan ya yi tudu ya riga sauran haƙora haɗuwa. Wannan kan sa ciwo wajen tauna, kuma gyaransa ba ya wuce a ɗan goge tudun.

Alamun da ba sa jira

Mafi haɗari a cikin duk matsalolin shi ne ƙwayoyin cuta su bazu daga haƙori zuwa ƙarƙashin harshe da wuya. Wani likitan Jamus, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana wannan ciwo a shekarar 1836, kuma har yanzu yana kisa a ƙasashen da ake makara wajen zuwa asibiti.

Ƙarƙashin haɓa kan kumbura ya yi tauri kamar itace, harshe ya ɗago sama, har hanyar numfashi ta toshe.

Likitoci na cewa a garzaya babban asibiti ko da tsakar dare ne idan kumburi na ƙaruwa bayan kwana uku maimakon ya ragu, ko ya gangaro wuya, ko ya haura ido. Haka nan idan akwai zazzaɓi mai zafi, ko haɗiyar yawu ta gagara, ko numfashi ya yi wuya, ko jini ya ƙi tsayawa, ko baki ya ƙi rufuwa.

Idan kuma ƙagewar baki ta zo tare da sandarewar wuya da baya da fizge-fizgen jiki, to ana zargin cutar tetanus, wadda kan shiga ta rauni ko ta kayan aiki marasa tsabta.

A irin wannan hali, tsayawa a kemis ko shafa maganin gida ɓata lokaci ne da maras lafiya ba shi da shi.

Idan haƙori ba shi ne tushen ciwo ba

Wani lokaci ciwon ya riga aikin zuwa, aikin ya tono shi ne kawai.

Akwai ƙari iri-iri da kan tsiro a cikin ƙashin muƙamuƙi su sa haƙora girgiɗi. Ɗaya daga cikinsu shi ne ciwon dajin da Denis Burkitt ya bayyana a shekarar 1958 a yaran Uganda, wanda kan kumbura muƙamuƙi cikin 'yan makonni, kuma ana samun sa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu.

Idan aka cire haƙori ba tare da bincike ba, kumburi ya ci gaba, iyaye kan ɗora laifin a kan cirewar. Kuskuren da aka yi a nan shi ne rashin tambayar dalilin da ya sa lafiyayyen haƙori ke girgiɗi.

Cutar Noma, wadda ke farawa daga dasashi ta cinye kunci, ita ma kan bar yara da muƙamuƙi a datse. An buɗe asibiti na musamman dominta a Sakkwato a shekarar 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su.

Masu ciwon sukari da masu sikila sun fi saurin kamuwa da ruɓewar ƙashi bayan cire haƙori. Haka ma wanda aka taɓa gasa wa ciwon daji a kai ko wuya, da mai shan wasu magungunan ƙarfafa ƙashi, waɗanda tun 2003 aka gano suna iya sa ƙashin muƙamuƙi ya mutu bayan an cire haƙori.

Sai kuma ciwon gaɓar ita kanta, wanda ya fi kama mata, mai zuwa da ƙara idan an buɗe baki da ciwon kai da na kunne. Mutum kan iya zama da shi a ɓoye, sai doguwar zama da baki a buɗe ta tayar da shi.

A shekarar 1934 wani likitan kunne a Amurka, James Costen, ya danganta wannan ciwo da rashin haɗuwar haƙora daidai, abin da ya sa aka shafe shekaru ana goge haƙoran mutane da sunan magani. Binciken baya-bayan nan ya nuna dalilan sun fi haka yawa, ciki har da cizon haƙora cikin barci da damuwa. Shawarar masana a yau ita ce a fara da magani mai sauƙi, a guji duk aikin da ba a iya warware shi.

Wane ne ya yi aikin?

Kafin a yi maganar alhaki, sai an san hannun da ya yi aikin, domin ba duk mai farar riga ne likitan haƙori ba.

Likitan haƙori a Najeriya kan yi shekara shida a jami'a da shekara guda ta sanin makamar aiki. Wajibi ne ya yi rajista da Hukumar Kula da Aikin Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasa, MDCN, ya kuma riƙa sabunta lasisinsa kowace shekara.

An fara koyar da wannan fanni a Jami'ar Legas a shekarar 1966, kuma Jami'ar Bayero ta Kano na da tsangayarsa. Duk da haka likitocin ba su wuce 'yan dubbai ba a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200, kuma akasarinsu a birane suke.

Akwai ma'aikata masu taimaka musu, waɗanda ke da nasu hukumomin rajista. Wasu aikinsu wanke haƙora da wayar da kai, wasu kuma ƙera haƙoran roba. Kowannensu na da iyakar da doka ta shata masa, kuma tono haƙorin da ya nutse cikin ƙashi ba ya cikin aikinsu.

Bayan waɗannan sai masu cire haƙori da awartaki a kasuwannin ƙauye da masu da'awar fitar da tsutsa daga kogon haƙori. Tsada da nisa ne ke kai mutane wurinsu, amma ba su da hoton ƙashi, ba su da na'urar tsabtace kayan aiki, kuma ba su da abin yi idan saiwa ta karye ko jini ya ɓalle.

Wannan ba sabuwar damuwa ba ce. Kimanin shekara 1000 da suka wuce, likitan Andalus Abul Ƙasim az-Zahrawi ya yi gargaɗi a littafinsa At-Tasrif game da masu gaggawar tumɓuke haƙori, waɗanda kan bar saiwa a ciki ko su ɓantaro ƙashi, ya kuma ja hankali kan a tabbatar da haƙorin da ke ciwo kafin a cire lafiyayye.

Nauyi uku a kan likita

Nauyi na farko yana kafin aiki. Likita zai tambayi tarihin lafiyar mutum da magungunan da yake sha, ya duba yadda bakinsa ke buɗuwa, ya ɗauki hoton ƙashi idan haƙorin na da wuyar sha'ani.

Zai kuma auna ko aikin ya zama dole. Alal misali, tun shekarar 2000 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawarar a daina cire haƙoran ƙarshe da suka maƙale matuƙar ba su da wata cuta.

Daga nan sai ya bayyana wa maras lafiya abin da zai yi, da haɗarin da ke ciki, da wata hanyar idan akwai, sannan ya nemi yardarsa. Sa hannu ko dangwala yatsa a takardar da mutum bai san abin da ke cikinta ba, ba ya zama yarda.

Nauyi na biyu yana lokacin aiki. Ya yi amfani da kayan da aka tsabtace, ya tallafi muƙamuƙi yayin cire haƙorin ƙasa, ya bar mutum ya riƙa hutar da bakinsa idan aikin ya yi tsawo. Idan ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya dakata ya tura gaba.

Nauyi na uku yana bayan aiki, kuma a nan ne aka fi samun saɓani. Likita zai faɗi abin da za a yi a gida da alamun da za su sa a dawo. Idan wani abu ya faru, kamar karyewar saiwa ko buɗewar ƙofa zuwa hanci, wajibi ne ya faɗa, ya rubuta a kati, ya nemi gyara.

Saboda haka jijiya na iya raunana a hannun gwani ba tare da laifinsa ba. Amma idan bai ɗauki hoto ba alhali ya kamata, ko bai yi gargaɗi ba, ko aka dawo masa da kuka ya yi ta cewa a je zai wuce har lokacin gyara ya ƙure, to nan alhaki ya hau kansa.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

Kotunan Najeriya sun gaji ma'auninsu ne daga Ingila, musamman hukuncin shari'ar Bolam na 1957. Ma'aunin shi ne, ba a kama likita da sakaci idan ya yi abin da ƙwararrun abokan aikinsa masu hankali za su amince da shi.

Wanda ya kai ƙara sai ya tabbatar da abu uku: cewa likitan na da nauyin kula da shi, cewa ya gaza sauke nauyin, kuma gazawar ce ta jawo cutarwar. Na ukun ya fi wuya a ciwon muƙamuƙi, domin likita na iya cewa ciwon ya riga aikin.

A shari'ar Ojo da Gharoro ta 2006, inda allurar ɗinki ta karye a cikin wata mata yayin tiyata a birnin Benin, Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba a tabbatar da sakaci ba. Darasin shi ne mummunan sakamako shi kaɗai ba ya isa hujja, kuma da wuya a yi nasara ba tare da shaidar wani ƙwararre ba.

A gefe guda kuma, a shari'ar Okonkwo ta 2001 kotun ta tabbatar da cewa baligi mai hankali na da ikon karɓa ko ƙin magani.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙarfafa wannan. Ta wajabta a sanar da maras lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, cikin harshen da yake fahimta. Ta kuma wajabta ajiye bayanan jinya, ta hana a ƙi karɓar mai neman taimakon gaggawa.

A shekarar 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya, wanda ya tattara waɗannan tanade-tanade wuri guda. A Birtaniya ma, tun hukuncin Montgomery na 2015, ma'aunin gargaɗi ya koma abin da maras lafiya zai so ya sani kafin ya yarda.

Matsayin fiƙihu

Malaman Musulunci sun daɗe da tattauna lamunin likita. Tushen maganar wani hadisi ne da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito, wanda ke ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da ilminsa ba.

Tarihi ya nuna cewa a shekarar 931, bayan wani maras lafiya ya rasu saboda kuskure, Halifa Muƙtadir ya umarci Sinan bin Sabit ya jarraba likitocin Bagadaza kafin a bar su su ci gaba da aiki.

Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya yi maganar kuskuren likita a Bidayatul Mujtahid, shi kuma Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kasa masu magani gida biyar ta fuskar lamuni.

Taƙaitaccen hukuncin shi ne, gwanin da aka ba izini, ya yi aiki bisa ƙa'ida, amma cuta ta biyo baya, babu lamuni a kansa. Gwanin da hannunsa ya kuskure, kamar ya cire haƙorin da ba shi aka nufa ba, akwai diyya amma babu ƙisasi. Wanda kuwa ba shi da ilmin ya ruɗi mutane, akwai lamuni, kuma hukuma na iya ladabtar da shi.

Diyyar haƙori ɗaya raƙuma biyar ce, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imam Malik da Risala ta Ibn Abi Zaid, wato kashi ɗaya cikin 20 na diyyar rai. A mazhabar Malikiyya dangi ba sa ɗaukar abin da bai kai sulusin diyya ba, don haka irin wannan daga dukiyar wanda ya yi kuskuren take fita. Raunin da ba a ƙayyade masa adadi ba kuwa, alƙali ne ke ƙiyasta shi.

Yarda da ƙaddara, a wurin malaman, ba ta hana mai haƙƙi neman haƙƙinsa, kamar yadda yafewa ma zaɓinsa ne.

Inda ake kai kuka

Mataki na farko shi ne komawa wurin wanda ya yi aikin, ko wani likitan idan an daina amincewa da shi, domin ceto lafiya ya riga neman haƙƙi. Yana da kyau a adana kati da rasit da hoton ƙashi da takardar magani, a kuma rubuta ranar da kowace alama ta fara.

Idan asibitin gwamnatin jiha ne, ana kai ƙorafi ga shugaban asibitin, sannan Hukumar Kula da Asibitoci ta jihar Kano. Idan mai zaman kansa ne, ko kuma wurin da ake zargin ba shi da rajista, akwai hukumar jihar mai sa ido kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu, wato PHIMA.

Ƙorafi kan likita mai rajista kan tafi ga kwamitin binciken ladabtar da likitoci, a rubuce bisa rantsuwa. Idan kwamitin ya ga akwai abin tuhuma sai ya miƙa wa kotun ladabtarwa, wadda ke iya jan kunne, ko dakatarwa har zuwa wata shida, ko soke sunan likita daga rajista. Wanda bai gamsu ba na iya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Wannan kotu ba ta biyan diyya. Mai neman diyya sai ya shigar da ƙara a kotun da ke da hurumi, kuma bai kamata ya yi nawa ba, domin dokokin kare jami'an gwamnati kan taƙaita wa'adin shigar da wasu ƙararraki zuwa wata uku kacal.

A ƙauyuka an fi warware irin wannan saɓani ta hanyar sulhu a gaban dagaci ko limami ko dattawa. Sulhun kan yi amfani idan ya ƙunshi ɗaukar nauyin jinya nan take, amma yakan zama cutarwa idan ya sa aka rufe magana alhali ciwo na ci gaba da ci.

Nauyin maras lafiya

Shi ma wanda aka yi wa aiki yana da nasa kason. Ɓoye ciwon sukari ko hawan jini ko juna biyu ko maganin da ake sha na iya jawo matsalar da likita ba zai ɗauki alhakinta ba.

A yinin farko bayan cire haƙori ana so a guji kurkure baki da ƙarfi, da tofar da yawu akai-akai, da taɓa ramin da harshe ko tsinke. Kurkure baki a alwala sunna ce a mazhabar Malikiyya, saboda haka ana iya yin sa a hankali. Daga rana ta biyu sai a riƙa kurkurewa da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri.

Taba da goro da rake da aya da kilishi duk sai a dakata da su har wurin ya warke, musamman idan likita ya ce an taɓa ƙashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa kimanin mutum biliyan uku da rabi ne ke fama da cututtukan baki a duniya, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A irin waɗannan wurare mutane kan zo ne bayan haƙori ya ruɓe har saiwa kuma fuska ta kumbura, lokacin da cirewa ta fi wuya kuma haɗarinta ya fi yawa.

Haƙorin da aka kai da ɗan ƙaramin kogo, ciko kawai yake buƙata. Ga wanda kuwa cirewa ta zama dole, likitoci na ba da shawarar ya san sunan mai yi masa aikin da matsayinsa, ya tambayi haɗarin da ke ciki, ya kuma san inda zai nufa idan dare ya yi kumburi na ƙaruwa.